Manet ɗin da Na Kulle a Akwati

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Keita lafiya, kai da mai ɗakinka da abokina, jikana Nasiru. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da gangancin direbobi, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya sa albarka a aikin koyarwar da aka tura ka. Innarku ma tana muku addu'a, ko da yake tun da aka fara ɗaure kaya bakinta ya mutu, sai share hanci take yi tana cewa mura ce.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Na ba mai ɗakinka ita, na ce ta miƙa maka da zarar mota ta bar Sabon Gida. Ka karanta kafin ku isa Madawa, kada ka cusa ta a aljihu ka ce sai an sauka, domin abin da ke ciki na yau ne. Rubutun ya karkace, idona ya fara cin amanata, ka yi haƙuri da shi.

Shekaranjiya ka same ni a zaure ina tufkar igiya, ka tsuguna ka ce:

"Baba, na'urar wasan da na sawo ma yaron ga, mai butik, shagon nan na Madawa, ya ce in biyo da ita ranar tahiya shi zuba muna wasanni ciki. Kai da ka taɓa sayen irinta, waɗanne za ni zaɓa?"

Na ce maka, "Sa wanda ka ga dama. Mi ruwana da wasan yara?" Na tattara igiyata na bar maka zauren.

Wannan amsa ƙarya ce. Duk garin nan babu wanda ruwansa ya kai nawa a wannan magana. Na tashi ne don ni ban iya magana ido cikin ido ba, ka san halina. Da na wuce ta ƙofar ɗakinku na ga kwalin a buɗe, na leƙa. Na'ura sabuwa fil, sai ƙyalli take, wayoyinta a naɗe, amma manet, abin riƙewar nan da ake danna wasan da shi, guda ɗaya tak na gani. Tun daga lokacin abinci bai yi mini daɗi ba.

Don haka ga amsarka, amma sai ka jure doguwar hanya, domin ban san yadda ake zaɓar wasa mai kyau ba sai ta wurin munanan da na zaɓa.

Kana ƙarami lokacin da kakarku, mahaifiyata, ta rasu. A ɗakinta yayanka ya tashi tun daga yaye, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ni da innarku ba mu kiran sunansa, ba mu wasa da shi, in ya shigo wuri muna tare da mutane sai mu kau da kai. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana, ban taɓa ganin aibin abin ba. "Ɗan tsohuwa" nake ce masa, ko in ce "kai." Da tsohuwar ta tafi sai ya dawo sashenmu, yaro ya fara tasawa, yana zaune a gidan ubansa kamar baƙon da ya kwana bisa kuskure. Ina ganinsa yana cin tuwo a gefe, tausayi yana cina, bakina kuma ya ƙi buɗuwa. A shekarar albasa ta yi kuɗi. Da na kai tawa Ƙwanni na sayar, na ga yara sun yi cincirindo a wata rumfa suna kallon na'urar wasa, sai na ce a raina, ga abin da zai yi magana a madadina.

Kuskurena na farko a rumfar nan na yi shi. Mai sayarwar wani saurayi ne mai zaƙin baki, ya ga ɗan ƙauye da aljihu a kumbure, ya dinga ce mini Alhaji alhali ko Agadas ban taɓa zuwa ba. Ya haɗa mini tsohuwar na'ura da manet biyu, ya baje faya-fayan wasa a gabana ya ce in zaɓa. Ni kuwa girman kai ya hana ni cewa ban san komai ba. Na duba hotunan bango, na ga wani da jar mota mai kyau, na ce wannan. Shi ya ƙara mini na ƙwallo a matsayin gyara.

Ranar da na kunna ta ba za ka manta ba, sai dai in ka yi mini kara. Bayan la'asar na fito da tele, talabijin ɗinmu, tsakar gida, na jona batirin mota, rabin unguwa ta taru, har da Kawu Na'ibi da carbinsa. Na sa faifan jar motar, na miƙa wa yayanka manet ba tare da na dube shi ba. Sai ga wani ƙato ya fito a tele, ya finciko direba daga motarsa ya lakaɗa masa duka, ya shige ya bi ta kan mutane. Kafin in gano inda ake kashewa, wata mata ta bayyana da tufafin da ba su isa ɗaure bakin tulu ba. Kawu ya miƙe yana salati.

"Wanga shi na abin da ka sai da albasarka ka sawo muna?" in ji shi. Ya fita ya bar takalminsa ɗaya, sai da aka bi shi da shi.

Wata guda ina zagaye hanyar masallaci. To ka ji, kada ka yarda da hoton bango, kada ka yarda da bakin mai butik. Yanzu ma na ji ko bangon babu, daga kwamfuta suke zubawa, suna ne kawai za a karanta maka. Ka zauna a benci, ka ce ya kunna kowane ɗaya a gabanka ka gani da idonka, ko da direba zai yi ta danna oda. Nasiru ya gaya mini akwai lamba da ake sa wa kowane wasa mai nuna shekarun wanda ya dace da shi, ka nemi a nuna maka ita. Wanda ba ya tashi sai da rezo, wato intanet irin na waya, ka bar musu kayansu. Wanda kuma in an fara yake ta cewa a sa kuɗi a buɗe gaba, wannan ɓarawo ne ka ɗauko ka ba shi tabarma a ɗakinka. Kada kunyar cewa "ban sani ba" ta kama ka don ana ce maka mushe, wato malamin makaranta. Ni kunyar nan ce ta ja mini jar mota.

Faifan motar na jefa shi a masai. Saura na ƙwallo, wanda ban ma zaɓa ba, kuma shi ne abu mafi alheri da ya taɓa shiga gidan nan ta hannuna. Kai da yayanka kuka zauna a tabarma ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuna ihu kuna zagin ƴan wasanku. A lokacin na fara jin dariyar yaron nan. Ashe dariyarsa irin ta tsohuwa ce, mai shiƙewa a ƙarshe. Nakan laɓe a bayan zana in yi kamar ina gyaran danga, ina kallonku ta kafa. Da haka na haddace komai: wanda ake dannawa a ba da ƙwallo, wanda ake dannawa a buga raga, wanda ake riƙewa ɗan wasa ya ruga. Wallahi yatsuna har motsi suke a cikin aljihu.

Shi kuwa ya gane ina kallo. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a: in na gifta, ya ɗaga manet ɗinka ya miƙo wajena, bai ce komai ba. Ni kuma in yi kamar ban gani ba. Ya yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Rannan ina zaune a zaure da mutane, ana lissafin wanda zai fara dashen albasa, sai ga shi ya shigo da manet a hannu, wayar tana jan ƙasa. Ya tsuguna a gabana, a gaban kowa, ya ce:

"Baba, amshi. Wasa guda ɗai. Ni koya maka, ba shi da wuya."

Sai wani ya tuntsire da dariya ya ce, "Yau mun ga zamani! Ɗan hwari na kiran ubanai wasa!"

Na ce, "Kai, tashi ka ba mutane wuri, marar kunya!"

Ya tashi. Bai yi kuka ba, bai ɓata fuska ba, ya naɗe wayar a hannunsa a hankali ya fita. Mutanen suka ce na yi daidai, yaran yanzu sai da haka. Na karɓi yabon, na ci gaba da maganar albasa. Laminu, a duniya babu abin da nake so a wannan rana kamar in karɓi abin nan in bi shi ciki.

Yanzu ga abin da ya shafe ka, wanda ka daɗe kana bi na bashin gaskiyarsa. Bayan ƴan kwanaki kuka yi faɗa kai da shi a kan wata ƙwallo, ka ce ya tura maka hannu, ka cije shi a kafaɗa. Na shigo da faɗa, na fizge manet na biyu, na ce tunda abin ya zama fitina an gama, na kulle shi a akwatina. Ka yi kuka har muryarka ta dushe. Innarku ta gaya mini ka girma kana cewa kai ka ɓata muku wasa. Ba kai ba ne. Faɗan yara ne wanda kafin magariba kun manta. Dalili nake nema, kai kuma ka miƙo mini shi. Na kulle manet ɗin ne don kada yayanka ya sake samun abin da zai miƙo mini.

Ban tsaya nan ba. Ranar kasuwa na ɗauki faifan ƙwallon na kai Madawa na ce a musanya mini. Wani mai rumfa a can ya ɗauko wani faifai ya ce, "Wanga mutum guda ka yin shi, kuma sai shi yi wata da watanni bai ƙare ba." Na ce shi nake so. Da bakina na faɗa, da hankalina, ba wanda ya yaudare ni a wannan karon.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai butik yau, kafin ka tambayi kyau ko tsada, ita ce: mutum nawa ke yin wannan? In ya ce ɗaya, ka ce ya wuce. In ya ce da yawa amma ta rezo, da wasu can da ba a gani, shi ma ya wuce, domin yaron zai kasance shi kaɗai a ɗaki ko da mutum ɗari ke masa magana a kunne. Wanda kake nema shi ne na mutum biyu a tabarma ɗaya, gaban tele ɗaya, inda in ɗaya ya ci zai iya juyowa ya ga fuskar wanda ya cinye.

Sabon wasan na wani mutum ne mai takobi, yana tafiya shi kaɗai cikin daji da duwatsu, ya buɗe wannan ƙofa ya tarar da wata. Kai ka kalla kwana biyu ka gaji, ka koma ƙwallon tsumma a waje, abin da ya cece ka ke nan. Yayanka kuwa ya shige ciki. Ya mayar da tele ɗakin tsohuwa, ya saki labule. Ashe akwai wani ɗan kati da ake sawa na'urar ta riƙe inda mutum ya tsaya, ni ban sani ba, ban saya ba, shi kuma bai tambaye ni ba, don ya daina tambayata komai. Duk ranar da batiri ya mutu, tafiyar da ya yi ta shafe, sai ya koma farko. In an kai batirin caji an dawo da shi, ya sake ɗaukar takobinsa daga ƙofar farko. Haka ya yi ta yi. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Ni kuma, don wauta, sai na ji daɗi. Gida ya yi shiru, ba ihu, ba yaran unguwa, ba wanda ke tsuguna mini a zaure. Aikin gona bai taɓa ƙi ba, a yi huɗa da shi, a yi noma da shi, a ɗaure dammunan hatsi da shi, ya dawo ya wanke ƙafa ya shige. Mutane suna cewa ɗan wane ya natsu, ina cewa alhamdu lillahi. Innarku ce kaɗai ta ce mini wata rana, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, "Malam, shirun yaron ga ba na lahiya ba na." Na ce mata ta bar ni da maganar mata.

To ka kiyayi dogon wasa, irin wanda ba a gama shi a zama ɗaya. Ka zaɓi gajere, wanda ake busa usur a tashi, a yi salla, a ci abinci, wanda in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kuma a Keita zai ɗauke, ba a yi asarar komai ba sai dariya. Kuma in ka ga Nasiru ya yi shiru a gaban tele, ya daina zuwa yana damunka da surutu, kada ka gode wa na'ura. Ka tashi ka leƙa. Ni ina jin shirun nan shekara da shekaru ina kiransa tarbiyya.

Sauran labarin ka san shi, amma akwai gutsuren da ba ka sani ba. Na'urar ta mutu da kanta, yayanka ya zama saurayi, bayan wata kaka ya bi samarin garin nan zuwa Aljeriya neman kuɗi. Ban ce wasa ne ya kore shi ba, kada ka ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Samari da yawa sun tafi waɗanda ba su taɓa riƙe manet ba, fari da rashi suka tura su. Sai dai su in sun tashi tafiya akwai abin da ke jan rigarsu ta baya. Shi da ya zo sallama, ya tsuguna, na ce Allah Ya kiyaye hanya ina kallon bango. Bai bar komai a nan da zai ce yana kewa ba in ban da innarku.

Yakan kira a wayata, don innarku ba ta da ita a lokacin. In na ɗauka sai in ce, "Lahiya? To ga innarka." Kullum haka. A kira na ƙarshe, da na ce ga innarka, sai ya yi sauri ya ce:

"Baba, dakata. Da kai ni ka son magana."

Akwai mutane kusa da ni a bakin masallaci. Na ce, "Rezo ba shi da kyau, ga ta nan," na aika yaro ya kai mata. Rezo kuwa garau yake, har numfashinsa ina ji.

Da na koma gida na tambaye ta, a kaikaice, ko akwai matsala. Ta ce babu. Ta ce cewa ya yi ya ga wata sabuwar na'ura a can, mutanen cikinta kamar a taɓa su, in ya tashi dawowa zai sawo ta da wasan ƙwallo. Wai ya ce, "Ki ce ma Baba shi shirya. Yanzu ya tsuhwa, ba mai yi mai dariya." Na ce mata yaron nan har yanzu bai yi hankali ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na duba manet ɗin, na goge masa ƙura, na mayar.

Daga nan lambar ta daina shiga. Waɗanda suka dawo kowa da abin da yake faɗi: wani ya ce an kwashe su an zubar a bakin iyaka, wani ya ce ya ji ya nufi wajen haƙar zinariya, wani ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ba mu yi zaman makoki ba, ba mu kuma daina sauraren ƙarar mota ba. Innarku har yau in ta kwashe tuwo sai ta rage a tukunya. Ni na daina sa rai, gaskiya nake gaya maka. Na yi addu'a har na rasa abin da zan ƙara a ciki. Abin da ke hana ni sukuni ba mutuwarsa ba ce, in ya mutu, kowa zai je. Abin da ke cina shi ne yaron nan sau biyu ya buɗe baki ya nemi abu a wurina duk rayuwarsa, na farko in zauna kusa da shi, na biyu in saurare shi, kuma duka biyun ba su fi ƙarfina ba.

Yanzu in zo kanka, don ba don in yi kuka a takarda na ɓata biro ba. Ina kallonka da Nasiru, ɗanka na fari. "Yaron ga" kake ce masa. In ya shigo kana da baƙi, ka kau da kai. In ya kawo maka kayensa na lakwal, littafin makarantarsa, ka duba, ka ce ya kai wa uwarsa, kai da kake duba na ƴaƴan mutane. Ban ga laifinka ba, a wurina ka koya, kuma ka iya fiye da ni. Abin bai yi masa illa ba zuwa yau saboda ina nan. Ni ne abokin wasansa, ni yake ja wa gemu, ni yake cuta a dara ya rantse bai taɓa ba, ni yake ce wa tsoho mai ran ƙarfe zai gaje matata. Abin da na hana ɗana shi na juye wa jikana, kuma ba wanda ya yi mini dariya, tunda al'ada ta yarda da wannan. To a Keita babu ni. Ka sani, shi ya sa ka sayi na'ura. Abin da na yi bayan rasuwar tsohuwa shi kake shirin yi, har manet ɗaya, sai dai kai ka fara daga inda na ƙare.

Ban ce ka yar da kunya ba. Ba abin banza ba ce, iyayenmu ba mahaukata ba ne. In bakinka ba ya iya kiran sunansa, kada ka kira. In ba ka iya wasa da shi a gaban mutane, ka rufe ƙofa, a Keita babu mazan zauren Sabon Gida, ba wanda ya san kakanka. Zama kawai za ka yi a tabarma ka riƙe abin nan, ba sai ka ce uffan ba. Zai cinye ka, ka sani tun yanzu, zai zura maka ƙwallo har ka ji haushi, ya yi maka gwalo. Ka daure. Kada kuma ka bar masa da gangan in ka fara iyawa, yara suna ganewa.

Ga abin da za ka ce a zuba. Ƙwallo da farko, ko da ita kaɗai za a samu. Sai tseren mota, irin wanda tele ke rabuwa biyu kowa da gefensa, ba irin jar motata ba. In akwai wanda mutum biyu ke taimakon juna, su ɗauki kaya tare ko su gina wani abu, ka sa shi, domin ran da ya gaji da cinye ka sai ku koma gefe ɗaya. Ka nemi wani mai sauƙi da mai ɗakinka za ta iya, kada a bar ta da wanke-wanke tana jin dariyarku ta taga. Na harbe-harbe ka bar shi, abin da muke ji a rediyo ya ishe mu. Ka bar Nasiru ya zaɓi ɗaya da kansa, in dai ya cika sharaɗin mutum biyu. Mai butik zai ce zai cika maka na'urar da wasa hamsin kyauta, ka ce ka gode. Kaɗan sun isa, yawan ma shi ke sa yaro ya yi ta buɗe wannan yana rufe wancan shi kaɗai. Sannan ka sayi manet na biyu yau, kafin ku hau motar Buza ku kama hanyar Keita. In kuɗin bai kai ba, ka rage wasanni. Kada ka ce sai ƙarshen wata, na san ƙarshen watan nan, ba ya zuwa.

Ba na ruɗin kaina. Jinina ne kai, mai yiwuwa ka karanta wannan ka ninke, ka ce tsoho ya fara rikicewa, ka shiga butik ka ce a sa wanda yara ke so. In ka yi haka ba ni da bakin yi maka faɗa. Ni ma an gaya mini, a tsakar gidana, da bakin matata, ban ji ba. Kuma ko ka ji, ban ce lallai zai tsare maka yaron ba, duniya tana kwashe ƴaƴan mutane ta hanyoyi da yawa. Abin da na sani kawai, in ta kwashe shi, kada ta bar ka da irin kayan da ta bar ni da su.

A cikin buhun hatsin da innarku ta ɗaure muku, daga sama, akwai ƙullin tsumma. Tsohon manet ɗin ne. Ba zai yi aiki da sabuwar na'urarka ba, na tambaya an ce mini bakin wayarsa ma ba zai shiga ba. Na sa maka shi ne don ka ajiye inda idonka zai riƙa faɗawa a kai. Ɗan'uwansa yana wurin innarku, duk rubutun jikinsa ya goge saboda yatsun yayanka. Wannan kuwa ka duba shi da kyau, kamar jiya aka sawo shi.

Ka gaishe mini da abokina, ka ce masa dararmu tana nan a zane, ban share ba, in an yi hutu ya zo in rama. In Allah Ya sa ban kai hutun ba, ku yafe mini, kai musamman, saboda kukan da na sa ka yi a kan laifin da ba naka ba.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya tsare gabanku da bayanku. Allah Ya tsare ka, Laminu. Ya tsare mai ɗakinka. Ya raya Nasiru, Ya sa ya san muryar ubansa a cikin dariya. Allah Ya tsare Isuhu a inda yake, in yana bisa ƙasa Ya nuna masa hanyar gida, in yana ƙarƙashinta Ya yi masa rahama.

Ka ga na rubuta sunan. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa furta shi ba sai yau, na rubuta kuma na faɗa da ƙarfi ni kaɗai a zaure. Ba abin da ya faru, rufi bai faɗo ba, ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya amsa kuma.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Sabon Gida.